Hannun Daman Inna

Shekara arba'in da ɗaya Innarmu ta yi tana taka keken ɗinki, kuma duk wanda ya ce mata ta tsufa sai ta tambaye shi ko yana wurin aka haife ta. Shagonta ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da fenti da wani dattijo mai gyaran keke. In mutum uku suka shiga, dole na huɗu ya tsaya a bakin ƙofa. Akwai teburin yanka, da madubi mai tsaga a kusurwa, da buhun ƙyallaye, sai baƙin keken ɗinki na takawa wanda ta ƙi musanyawa da na lantarki, wai ita ba za ta zauna tana jiran wuta kamar marar ƙafa ba. Ni ce autarta. A ƙarƙashin teburin nan na yi rarrafe, shi ya sa har yau in na ji ƙarar keken ɗinki sai hamma ta kama ni.

Tana da shekara goma sha bakwai ta fara koyon ɗinki a wajen wata gwaggonta, kuma da shi ta rufa mana asiri ita da Babanmu. Shi a gidan burodi yake aiki. Shekara shida ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a wajen aiki da safe, hannunsa duk gari, bai ƙara tashi ba. Yayana, babban ɗanta, shi aka kira ya je ya ɗauko shi. Tun daga ranar Yaya ya naɗa kansa mai gadin Inna. Ya dawo da ita gidansa, ya hana ta ɗaukar bokiti, ya hana ta hawa kujera ta sauko da tukunya. Duk ta ƙyale shi. Sai da ya kai hannu kan shagon sannan ta nuna masa ita ta haife shi.

"Inna, mota biyu kike shiga kafin ki kai shagon nan," in ji shi. "Gwiwarki har ƙara take yi. Ki rufe shi ki huta mana."

"Babba," ta ce, don haka take kiransa, "in ka ji gwiwata tana ƙara, gaishe ka take yi. Ka amsa ka wuce."

Bai daddara ba. Duk wata sai ya tayar da maganar, kuma na lura kullum amsarta tana ƙara gajarta. Yaya mutumin kirki ne, amma irin kirkin da zai lulluɓe ka da bargo uku har numfashinka ya ɗauke.

A cikin haka ne aka gyara titunan garinmu, aka ware wa masu keke hanyarsu a gefe, aka shafa mata koren fenti, aka kafa ƙananan sandunan roba tsakaninta da motoci. Ranar Lahadi kuma ana rufe titin bakin kogi, mota ba ta shiga, sai iyalai a kan kekuna. Ni dama da keke nake zuwa kantin maganin da nake aiki. Yaya ya gani ya yi sha'awa, ya sayo nasa, ya sayo na matarsa, wadda nake kira Anti, ya sayo ɗan ƙarami na 'yarsu mai shekara takwas, wadda muke kira Tsinke saboda rashin ƙiba. Fitarmu ta farko abin dariya ce. Anti ta sa hular kwano gaba a baya, Yaya ya danna kowace taya sau uku kamar mai zaɓen kankana, Tsinke kuwa ta kaɗa ƙararrawa tun daga ƙofar gida har kogi.

Inna aka bari a gida. "Ki huta," in ji Yaya. Muka dawo muka tarar ta kwance labulen falo ta sake masa kalmasa, alhali lafiyarsa ƙalau. Lahadi ta biyu ta rage wa Yaya hannun riga biyu ba tare da ya sa ta ba. Duk wanda ya san Inna ya san wannan ba hutu ba ne, fushi ne.

Sai Yaya ya yi dabara, a ganinsa. Ya samo keke mai ƙafa uku, mai babban akwati a gaba, irin wanda ake saka yara da kaya. Ya shimfiɗa katifa a ciki, ya sa matashi biyu. Inna ta daɗe tana kallon akwatin, amma saboda Tsinke tana tsalle tana roƙonta, ta shiga. Aka jera mata tabarma a dama, kular abinci a hagu, fulas a cinya. Haka muka tafi, Yaya yana tuƙa ta yana washe baki.

Mun kusa kogi sai ga wata mata da Inna ta shekara goma tana yi wa ɗinki. Ta sauko daga kekenta da sauri, ta durƙusa a gefen akwatin, ta sassauta murya.

"Ayya, Inna tela, sannu. Ban ji ba wallahi. Yaya jikin? Ashe shi ya sa aka ɗauko ki a akwati. To ɗinkina kada ki damu, zan kai wani wuri."

Inna ta kau da kai. Ko a bakin kogi ba ta ci komai ba. Da za mu koma ta ƙi shiga akwatin, ta taka da ƙafa har tashar mota. A gida, bayan Anti ta kwashe kwanuka, ta kira Yaya ta ce ya zauna.

"Yau ka sa ni a akwati da kular abinci. Gobe ka rufe mini shago, jibi ka samo mai ba ni koko a baki. To ka saurara. Nan da Lahadi shida zan kai kaina kogin nan a kan keke, da ƙafafuna. In na kai, kada na sake jin kalmar shago a bakinka."

"Inna, ko sau ɗaya ba ki taɓa hawa keke ba."

"Na sani. Ai ba kai ka hana ni ba, wasu ne, kuma duk sun mutu."

"In ba ki kai ba fa?"

"Na ba ka makullin da hannuna."

Ya amince da sauri, don a zuciyarsa ya riga ya karɓi makullin. Ni kuwa na san in aka raba Inna da shagon nan ba za ta shekara ba, kuma na san ba ta taɓa faɗin magana ta janye ba.

Kashegari ta shiga wajen maƙwabcinta mai gyaran keke. Shekara ashirin suna faɗa a kan baƙin man da yake zubarwa kusa da ƙofarta, amma da ya ji labari bai yi dariya ba. Ya fito mata da wani keke marar sanda a tsakiya, ya sauke sirdin har ƙafarta ta taɓa ƙasa. Ita kuma ta ɗinka wa kanta wando mai faɗi da ke tsuke a idon sawu, ta sa a ƙarƙashin doguwar riga, ta yi wa rigar maɓalli a gefe don kada sarƙa ta kama ta. A bayan shagon akwai filin ajiye motoci na wata makaranta, fayau yake in an tashi yara. Nan nake zuwa daga aiki kullum da la'asar in riƙe mata sirdi.

Ban taɓa zaton ɗinki zai hana mutum hawa keke ba sai da na gani. Na farko, ƙafafunta tare suke tafiya. A keken ɗinki ƙafa biyu kan mataki ɗaya suke, su danna tare su ɗago tare, don haka sai ta danna fedoji biyu lokaci guda, keken ya tsaya cak yana kallonta. Na biyu, idonta a ƙasa. Shekara arba'in tana kallon bakin allura, to sai ta kafe tayar gaba da ido tana bin farin layin filin kamar za ta yi masa kalmasa, har sai ta ga katanga a gabanta. Waɗannan biyun mun yi maganinsu cikin kwana goma, da ihu da zufa. Ranar da na saki sirdin ta yi tafiyar taku talatin ita kaɗai, na yi tsalle kamar yarinya.

Na ukun shi ya kusa kashe mu. A keken ɗinki akwai wani ɗan wili a gefen dama, wanda tela ke dafawa da tafin hannu in zai tsayar da ɗinki. Hannun daman Inna ya san wannan fiye da yadda ya san hanyar bakinta. Duk lokacin da ta so tsayawa, maimakon ta matse birki, sai hannun ya saki kan keken ya tafi gefe yana laluben wilin da babu shi. Kan keken ya karkace, ita da shi su zube.

"Birki, Inna! Birki!" nake ihu.

"Na ji, Auta, ba kurma ba ce ni! Shi ne bai ji ba!" ta ce, tana harar hannunta.

Sau bakwai ta faɗi a mako guda. A na bakwai ta ɗaye gwiwar hannu sosai, na wanke na naɗe mata. Ta sa riga mai dogon hannu, amma wajen cin abinci ta miƙa hannu ɗaukar gishiri, bandejin ya leƙo. Yaya ya ajiye cokali. Ni ya fara yi wa faɗa, ya ce ni da nake aiki a kantin magani ban san ƙashin tsoho ba ya ɗoruwa da sauƙi ba. Na ce masa ƙashinta ne, ba nasa ba. Sai ya juya wajenta.

"Inna, ni na ɗauko Baba. Ni na kakkaɓe masa garin da ke hannunsa. Ba zan iya zuwa in ɗauko ki a kan titi ba."

Anti ta ja Tsinke suka shiga ɗaki. Ni kaina sai na ji kunyar tsawar da na yi masa, don ban taɓa jin ya faɗi wannan ba. Inna ta daɗe tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa, amma ba ta bari ya zubo ba.

"Na san abin da ka ɗauka ranar nan, Babba, kuma Allah Ya yi maka albarka. Amma ba aiki ne ya kashe ubanka ba, kwanansa ne ya ƙare. Da ka zaunar da shi a ɗaki ma zai tafi, sai dai ya tafi yana jin haushinka. Ni ban mutu ba tukuna. Kada ka fara yi mini zaman makoki ina cin abinci a gabanka."

Duk da haka Yaya bai janye sharaɗin ba. Ita ma haka.

Mai gyaran keke ne ya kawo shawara ta farko. Ya ce akwai keken da birkinsa a ƙafa yake, in ka maida feda baya sai ya tsaya. Inna ta dube shi kamar ya zage ta.

"In maida wili baya? Malam, tela ba ya maida wili baya, zare ne zai cukurkuɗe ya tsinke. Ƙafata ba za ta yarda ba. Kana so a kan hannu ɗaya in ƙara wa kaina ƙafa biyu?"

Sai ta dubi tarkacen da ke rataye a bangonsa. Ta nuna wani tsohon kan keke mai tsatsa, da hannun birkinsa a jiki, ta ce ya yanko mata ɓangaren dama. Ya yanko. Ta sa ya ɗaure shi da ƙusa a gefen teburin keken ɗinkinta, dab da wilin.

"A nan na koya masa wannan hali," ta ce, "a nan zan raba shi da shi."

Ta jawo buhun ƙyallaye. Ta tayar da keken ɗinki, ta riƙe guntun kan keken da dama, tana tura ƙyalle da hagu, idonta a bakin ƙofa. In za ta tsaya sai ta matse birkin, ta tsayar da mataki da ƙafa. Amma ta ce tsayawar da mutum ya shirya mata ba tsayawa ba ce, don haka ta ba maƙwabcin aiki: duk sanda ya ga dama ya daka mata tsawa ta cikin bango. Mako uku ana haka. Yana cikin liƙin taya sai ya kwarara ihu, "Tsaya!" Masu wucewa su daskare a kan hanya, mai fenti ya fito yana tambaya ko ɓarawo ne. Daga ciki kuma ka ji Inna ta ce "Na matse!" ko kuma ka ji ta zagi hannunta. Ina jin dattijon nan bai taɓa samun aikin da ya yi masa daɗi kamar wannan ba, shekara ashirin yana neman damar yi mata tsawa.

Ƙyallayen da ta yi ta haɗawa suka zama wani dogon mayafi mai launi ɗari, ɗinkinsa a karkace, wanda ta ce in na nuna wa wani a matsayin aikinta za ta tsine mini. Amma a filin makaranta faɗuwa ta ragu. A mako na biyar ta zagaya filin sau goma, ta tsaya a gabana da birki, ta sauke ƙafa ɗaya kamar wadda aka haifa a kan sirdi.

Lahadi ta shida muka fito da hantsi. Tsinke a gaba, Inna a bayanta da hular kwano a kan ɗankwali, ni a gefenta, Anti a baya. Can ƙarshe Yaya, a kan keken akwati, da katifarsa da matasansa. Ya ce wai saboda kaya ne. Inna ta kalli akwatin sau ɗaya ba ta sake ba.

Kilomita biyar ne zuwa kogi. Ta bi koren layi a hankali, bakinta yana motsi, bayanta a miƙe. Yara suna wuce ta, tsofaffi suna wuce ta, wani mai gudu da ƙafa ma ya wuce ta, ko a jikinta. Ta tsaya a fitilar hanya ta farko lafiya, ta biyu ma haka. A hawan gada na ji gwiwar tana ƙara da gaske, na ce ko mu sauka mu tura. Ta ce in ina son turawa in tura nawa.

Bayan gada akwai gangara, daga ƙarshenta kana hango bishiyoyin bakin kogi. Kekenta ya fara gudu fiye da yadda ta saba. Muna tsakiyar gangarar sai gorar ruwan Tsinke ta faɗo, yarinyar kuma ta ja birki ta tsaya a tsakiyar layi don ta ɗauka, taku kaɗan a gaban kakarta.

Da idona na ga hannun. Ya saki kan keken, ya ɗaga, ya fara tafiya gefe wajen wilinsa. Sai na ji Inna da kanta ta daka tsawa, "Tsaya!" Hannun ya dawo ya damƙi birki. Tayar ta yi ƙara, keken ya tsaya saura kamu ɗaya ya taɓa na Tsinke. Amma ta manta ta sauke ƙafa. A hankali ta karkata, ita da keken suka kwanta a kan ciyawar gefen hanya.

Yaya ya diro daga nasa da gudu, sarƙa ta kama ƙafar wandonsa, ya fizga, wandon ya yage tun daga idon sawu har gwiwa. Bai ma lura ba. Ya ɗaga keken daga kanta, ya kama ta, yana shafa kafaɗarta yana tambaya ina ne ke ciwo. Ta tashi zaune, ta fara duba Tsinke, sannan ta kakkaɓe ciyawa daga rigarta.

"Shi ke nan, Inna, kin yi ƙoƙari wallahi," in ji Yaya. "Zo ki shiga, saura kaɗan, in ƙarasa da ke."

"Sakar mini keke."

"Kin faɗi fa, Inna."

"Cewa na yi zan kai kaina. Ka ji na ce ba zan faɗi ba? Sakar mini keke, Babba."

Ya riƙe kan keken, ita ma ta riƙe. Mutane sun fara rage gudu suna kallo. Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba. Sai ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ja da baya.

Ta hau. Tashin farko ya ƙi, na biyu ya ƙi, ba wanda ya taɓa ta. A na uku ta tafi, tana tangaɗi, ta miƙe. Muka bi ta a baya. Ta ƙarasa har gindin bishiyar da muke zama, ta matse birki, ta sauke ƙafa. Ni kuka nake yi sosai, ba na ɓoyewa, Anti ma haka. Inna ta kwance wani ƙunshi daga bayan sirdinta, ashe mayafin ƙyallayen nan ne, ta shimfiɗa a ƙasa ta zauna a kai. Ta ci abinci fiye da kowa. Sai da ta gama ta dubi ƙafar Yaya.

"Wannan wandon kuma fa? Ka kawo shi shago gobe. Ƙarfe takwas nake buɗewa."

Ya kawo. Na biya ta wajen kafin in wuce aiki, na tarar da kekenta a jingine a ƙofar mai gyara, Yaya kuma a kan benci da wando a leda, mata biyu a gabansa. Ɗaya ita ce wadda ta yi mata sannu da jiki, ta zo a ɗinka mata irin wandon hawa keke. Inna ba ta tsallake da shi layi ba. Da aka zo kansa ta ɗinke yagar, ta guge, ta miƙa masa. Ya karɓa ya tsaya a bakin ƙofa yana juya ledar, yana kallon guntun kan keken da ke ɗaure a teburinta. Na ga maganar rufe shagon da ya saba ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta.

"Inna, in kin tashi ki bi ta koren layi. Kada ki yanke ta bayan kasuwa, manyan motoci suna bi."

"Ka gama?"

"Na gama."

"To matsa, ka tare mini haske."